Yadda Matar da Miji ke Cutarwa Za Ta Nemi Rabuwa da Riƙon 'Ya'yanta a Kotu

Barazana ɗaya ce ta fi riƙe mata a gidan da ake dukansu, wato a ce wa mace in ta fita to ta fita ita kaɗai, domin 'ya'ya na uba ne. Wannan magana ta zauna a bakin mutane har wasu suna ɗaukarta hukuncin addini, alhali ba ta da gindin zama a fiƙihun Malikiyya da kotunan Musulunci na Arewacin Najeriya suke hukunci da shi, haka nan ba ta da shi a dokokin gwamnati. Sai dai haƙƙin da ke rubuce a littafi ba ya zuwa ya sami mace a ɗaki. Akwai hanyar da ake bi a karɓe shi, akwai kuma kurakurai biyu ko uku da kan sa a rasa shi tun kafin a zauna gaban alƙali. Bayanin da ke tafe ya shafi tsarin kotunan Najeriya ne, kuma da mace ake magana domin ita abin ya fi shafa, ko da yake dokar hana cin zarafi ta haɗa da namijin da aka zalunta.

Mataki na farko: lafiyarki da hujjarki

Idan an ji miki rauni, asibiti za ki fara zuwa kafin gidan kowa, kuma asibitin gwamnati ya fi, domin rahoton likitansa ya fi saurin karɓuwa a kotu. Ki gaya wa likita gaskiyar abin da ya faru. Mata da yawa sukan ce faɗuwa suka yi ko ƙofa ce ta buge su don su rufa asirin miji, sai daga baya katin asibitin ya zama hujja a kansu, saboda abin da aka rubuta ranar farko shi lauyan miji zai karanta wa alƙali. Ki adana kati da takardar magani da rasit, ki sa wata da kika amince da ita ta ɗauki hoton raunin a ranar, ta kuma ajiye hoton a wayarta, domin wayarki ita ce abin da za a fara ƙwacewa ko fasawa. Saƙonnin barazana da na zagi, na rubutu da na murya, kada ki goge su komai ɗacinsu.

Idan cin zarafin ya haɗa da fyaɗe, ko an taɓa ɗaya daga cikin yaran, akwai cibiyoyi na musamman da ke duba mutum kyauta cikin sirri, su kuma rubuta rahoton da kotu ke karɓa, irin su cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala a Kano, da cibiyoyin Salama a Jihar Kaduna, da cibiyar Nana Khadija a Sakkwato. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, saboda haka wannan ba abin jiran shawarar dangi ba ne.

Tun kafin ranar fita, ki riƙa fitar da muhimman takardu kaɗan-kaɗan zuwa wurin wanda kika yarda da shi: takardun haihuwar yara, katin rigakafinsu, sakamakon makarantarsu, katin shaidarki na ɗan ƙasa, katin banki, takardar aure idan akwai, da jerin kayan ɗakin da iyayenki suka yi miki. Idan kuwa ranar ta zo, kuma babu haɗari ga rayuwarki, ki fita tare da yaranki. Dalilin wannan zai bayyana a matakin riƙo.

Mataki na biyu: ki san irin aurenki, domin shi ke nuna kotunki

Auren da aka ɗaura bisa Musulunci, da waliyyi da sadaki da shaidu, kotun shari'ar Musulunci ce ke raba shi, ita ce kuma ke duba riƙon yara da ciyarwa. A Abuja da jihohin da ba su sauya sunan kotunan ba, kotun yanki ce ke wannan aiki. Auren da aka yi a ofishin rajista, ko a majami'ar da ke da lasisin ɗaura irinsa, babbar kotun jiha ko ta Abuja ce kaɗai ke iya raba shi, ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970. Auren gargajiya kuma, irin wanda ya yawaita a Kudancin Kaduna da Filato, yana zuwa kotun gargajiya ko ta yanki. Ƙarar da aka kai kotun da ba ta da hurumi korarta ake yi, ko da an shafe watanni ana zama, sai a koma farko.

Ban da waɗannan akwai kotun iyali, wadda dokar haƙƙin yara ta 2003 ta tanada a matakin majistare da na babbar kotu. Jihohi sun yi nasu dokokin a kan wannan, Kaduna a 2018, Kano a 2023. Wannan kotu ba ta raba aure. Aikinta shi ne abin da ya shafi yaro kansa, kamar kare shi daga mai cutar da shi da tilasta a kula da shi, kuma ma'auninta shi ne abin da ya fi zama maslaha ga yaron.

Mataki na uku: neman wanda zai tsaya miki

Doka ba ta wajabta lauya a kotun Musulunci ba, mata da dama kuma sun tsaya da bakinsu sun yi nasara. Amma idan mijin mai hali ne ko mai sanayya, ko ya riga ya ɗauki lauya, bai kamata ki je ke kaɗai ba. Hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, wadda aka fi sani da Legal Aid, an kafa ta tun 1976 don marasa ƙarfi, kuma tana da ofisoshi a manyan biranen jihohi. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana karɓar shari'o'in mata da yara kyauta, haka ma ƙungiyar WRAPA da ta daɗe tana aiki a kan haƙƙin mata a shari'ar Musulunci. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa tana karɓar koke, tana kuma iya gayyatar miji. Ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma da ma'aikatar harkokin mata su ma wuraren zuwa ne, musamman idan kina buƙatar mafaka ko rahoton halin da yara ke ciki.

Kafin ki je, ki rubuta ko ki sa a rubuta miki tarihin abin a takarda ɗaya ko biyu: yaushe aka yi auren, yara nawa da shekarunsu, yaushe aka fara dukan, wane ne ya gani, wane ne ya taɓa shiga tsakani. Ki kuma tambaya tun farko ko kyautar ta haɗa da kuɗin buɗe fayil da na kai sammaci, domin sau da yawa aikin lauyan ne kyauta, kuɗin kotu kuwa yana kanki. Kada ki ɓoye wa lauyanki abin da zai iya zama rauni a ɓangarenki, misali idan kin taɓa ramawa ko kin taɓa yin yaji kin bar yara wata da watanni. Gara ya ji daga bakinki da ya ji daga bakin abokin shari'a a tsakiyar zama.

Mataki na huɗu: neman kariya kafin a gama shari'a

Lokacin da miji ya gane cewa matarsa ta ƙudura tafiya yakan zama mafi haɗari, don haka neman kariya yana tafiya tare da shigar da ƙara. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ake kira VAPP, ta mai da dukan abokin aure laifi mai hukuncin ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun. Ta kuma haramta korar abokin aure daga gida da ƙarfi, da yin watsi da iyali ba ci ba sha. Abin da ya fi amfani a cikinta shi ne odar kariya, wadda kotu ke bayarwa ta hana mutum zuwa inda kike zaune ko inda kike aiki, ko aiko wani ya cutar da ke, kuma idan ya saɓa ana iya kama shi. Ba dole sai ke da kanki ba, ɗan sanda ko ma'aikacin jinya ko jami'in walwala yana iya nema a madadinki da yardarki. Dokar tarayyar a Abuja take aiki kai tsaye, inda hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP ke kula da aiwatar da ita. Yawancin jihohi sun yi irinta, Kaduna ma tun 2018, don haka tambayar farko ga lauyanki ita ce wace doka ke aiki a jiharku da kuma wace kotu ke ba da odar.

Idan kin je ofishin 'yan sanda, ki nemi sashen da ke kula da mata da yara, ki tabbatar an rubuta bayaninki an karanta miki kafin ki sa hannu. Idan aka ce miki maganar cikin gida ce ki koma ku sasanta, lauya yana iya rubuta koke ga kwamishinan 'yan sanda ko ya shigar da ƙarar laifi kai tsaye gaban majistare.

Hisba da masu unguwa da dattawan dangi suna da amfaninsu, sulhu kuma alheri ne inda saɓani ne na yau da kullum. Amma su ba kotu ba ne, ba su da ikon raba aure ko yanke wa wani riƙo. Inda duka ya kai ga jini ko karaya, ra'ayina shi ne a yi amfani da zaman sulhun don samun hujja: idan miji ya amsa laifinsa ya rubuta alkawarin ba zai sake ba, ki karɓi kwafin takardar, ki riƙe sunayen waɗanda suka halarta, domin wannan iƙirari ne a gaban shaidu.

Mataki na biyar: abin da za ki roƙi alƙali

A nan ne mafi yawan mata suke yin asara. Za ki je wurin rajistaran kotu ki faɗi da'awarki, a rubuta, ki biya kuɗi ki karɓi rasit, a aika wa miji sammaci. Kalmomin da aka rubuta a wannan rana su ne shari'ar za ta bi. Idan kika ce kin gaji da auren kawai, ko ba kya son sa, alƙali zai ɗauke ta a matsayin khul'i, wato ki fanshi kanki da dukiya, galibi ta hanyar mayar da sadaki, wani lokaci miji ya tsawwala ya lissafo har kayan lefe. Idan kuwa kika ce kina neman a raba auren saboda cutarwa, kika kuma tabbatar da ita, mazhabar Malikiyya ta ba alƙali ikon ya raba ku ko miji bai so ba, ba tare da kin mayar da ko kwabo ba. Sakin da aka yi ta wannan hanya ba na kome ba ne, miji ba shi da ikon mayar da ke cikin idda sai da yardarki da sabon ɗaurin aure. Cutarwa a fiƙihu ta haɗa da duka mai raɗaɗi, da zaginki ko zagin iyayenki, da ƙaurace miki ba dalili.

Yawancin cutarwa a cikin ɗaki take faruwa, malaman fiƙihu kuma sun san haka. Shi ya sa littattafan Tuhfatul Hukkam da Mukhtasar Khalil, waɗanda alƙalanmu ke dogara da su, suka yarda a tabbatar da cutarwa ta hanyar shaidu da suka gani, ko ta hanyar shaidar ji, wato mutanen kirki su shaida cewa labarin ya bazu a unguwa, sun sha ji daga maƙwabta da mata da masu aikin gida cewa wane yana cutar da matarsa. Wajen zaɓar shaidu ki lura da abu guda: ba a karɓar shaidar uba ko uwa don amfanin ɗansu, don haka mahaifinki zai iya raka ki amma ba shi ne shaidarki ba. Ki nemi maƙwabta, ko limamin unguwa, ko wanda ya taɓa raba ku, ko wanda ya kai ki asibiti, kuma a samu aƙalla maza biyu da aka san su da gaskiya.

Idan hujja ba ta cika ba kuma koke ya yi ta maimaituwa, shari'ar ba ta mutu ba. Alƙali yana iya naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginki ɗaya daga danginsa, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni, kuma a Malikiyya idan suka ga laifin daga miji yake suna da ikon raba auren ba tare da fansa ba. Haka nan matar da ta riga ta biya khul'i don ta tsira, in daga baya ta tabbatar cutarwa ce ta tilasta ta, tana da damar neman a mayar mata da dukiyarta.

Wani lokaci khul'i shi ne hanya mafi sauri, kuma babu laifi mace ta zaɓe shi idan zaman jiran shaidu zai jefa ta cikin haɗari. Abin da ba za ki yarda da shi ba shi ne a sa barin yara cikin sharuɗɗan fansar. Ana yawan yin haka, a ce an yafe miki sadaki in kin bar 'ya'ya, kuma fiƙihu yana iya zartar da irin wannan sharaɗi idan bai cutar da yaron ba. Kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a kan wata takarda, a kotu ko a zauren wani, sai wanda kika amince da shi ya karanta miki ita daga farko har ƙarshe.

Ranar zama ki isa da wuri da shaidunki da asalin takardunki da kwafinsu. Ki yi magana da alƙali, ki ce "Allah ya gafarta Malam", kada ki juya ki biye wa miji ko ya tsokane ki. Ki faɗi abin da ya faru da rana da wuri, domin "ranar Sallah ƙarama ya doke ni da wayar wuta a gaban maƙwabciyarmu" ta fi "kullum yana dukana" nauyi. Kafin hukunci alƙali zai yi i'izari, wato ya tambaye ki ko kina da sauran magana ko hujja. Idan akwai shaidar da bai samu zuwa ba, a nan za ki faɗa ki roƙi a ɗage zama.

Mataki na shida: riƙon yara da ciyar da su

Ki haɗa roƙon riƙo da na ciyarwa cikin da'awarki tun farko, ko ki shigar da su da zarar an raba auren. Hukuncin Malikiyya a nan a fili yake, har a Risala da ake karantawa a makarantun zaure: bayan rabuwa uwa ce ke da haƙƙin riƙo, wanda malamai ke kira hadana, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Al'adar karɓe yaro da zarar an yaye shi, ko idan ya kai shekara bakwai, ba hukuncin wannan mazhaba ba ne. Idan uwa ta rasa haƙƙin ma ba wurin uba yake tafiya kai tsaye ba, yana komawa ga kakar yaron ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a zo ɓangaren uba. Saboda haka yana da kyau mahaifiyarki ko yayarki ta kasance a shirye ta bayyana a kotu ta nemi riƙon idan aka yi ƙoƙarin karɓe shi daga hannunki.

Abubuwan da miji zai kafa hujja da su sanannu ne. Zai ce ba ki da amana ko tarbiyya, ko ba ki da lafiyar hankali, ko inda kike zaune babu tsaro ga 'ya mace. Amsarki ita ce shaidar inda kike zaune, da makarantar boko da Islamiyyar da yaran ke zuwa, da mutanen da suka san zamanki. Talauci ba ya cikin abin da ke kawar da riƙo, tunda ciyarwa da tufatarwa da magani a wuyan uba suke ko yaran suna hannun wa, kamar yadda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta nuna. Ki zo da lissafi a rubuce na abinci da kuɗin makaranta da magani na wata guda, da abin da kika sani na samun mijin, domin alƙali yana yankewa ne gwargwadon ƙarfin uba da tsadar rayuwar garin.

Abubuwa uku suna iya kawar da haƙƙinki, kuma ya kamata ki san su tun yanzu. Na farko shi ne sabon aure da wanda ba muharramin yaron ba, da zarar kin tare, kuma a mashahurin zance haƙƙin ba ya dawowa ko auren ya mutu. Na biyu shi ne ƙaura mai nisa, taki ko ta uban, idan ta zama ce ta dindindin. Na uku shi ne ki sauke haƙƙin da kanki ba tare da uzuri ba, domin wadda ta yi haka ba ta da damar dawowa ta nema daga baya. Wannan ne dalilin da ya sa aka ce ki fita da yaranki. Idan kuwa korarki aka yi aka riƙe su, ko kin gudu don tsira da rai, wannan uzuri ne, amma ki gaggauta kai ƙara ki kuma bayyana wa kotu yadda aka raba ki da su, domin dogon shiru ana iya fassara shi da yarda. Kada ki tara 'yan'uwa a je a ƙwato su da ƙarfi ko a ɗauke su daga makaranta a ɓoye, ki roƙi kotu ta ba da umarnin wucin gadi a kawo su, musamman idan akwai mai shan nono.

Uba yana da haƙƙin ganin 'ya'yansa da kula da karatunsu, kuma hana shi ba dalili yana iya zama hujja a kanki. Idan kina tsoronsa, ki roƙi alƙali ya ƙayyade rana da wuri, a riƙa miƙa yaran ta hannun wani dattijo ko a gidan kakanni, ba tare da kun haɗu ba. Idan yaran ma ya taɓa cutar da su, ki kawo rahoton asibiti ki nemi ganin ya kasance a gaban wani.

Mai auren rajista takan bi wata hanyar. Lauya ne zai shigar mata da takardar neman rabuwa a babbar kotu, inda za ta nuna cewa auren ya lalace ba gyara, misali saboda halin da ba za a iya zama da shi ba. Ba a shigar da irin wannan ƙara kafin aure ya cika shekara biyu sai da izinin kotu, in ban da wasu dalilai da dokar ta ware, kuma tsananin wahala yana cikin abin da ake ba da izinin saboda shi. Wajen riƙo, sashe na 71 na dokar ya ce maslahar yara ce gaba da komai, kotu kuma tana iya neman rahoton jami'in walwala. Hukuncin farko na raba auren yana zama tabbatacce ne bayan wata uku, kafin nan ba a sake aure. A wannan kotu hotuna da saƙonnin waya suna buƙatar takardar tabbatarwa ƙarƙashin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011, saboda haka ki adana wayar da aka ɗauke su da ita.

Mataki na bakwai: bayan hukunci

Ki nemi kwafin hukunci mai hatimin kotu, ki duba cewa sunayen yara da adadin kuɗin ciyarwa da ranar biya duk sun fito. Ki roƙi a riƙa biya ta hannun kotu ko ta asusun banki, don kada a yi musu daga baya. Idan ya daina biya, ko ya ƙi sakin kayan ɗakinki, ko ya ƙi miƙa yara, kotun da ta yanke hukuncin za ki koma ki nemi a zartar, kuma tana da ikon sake kiransa ta tilasta shi. Idan tsadar kaya ta cinye abin da aka yanke, ana iya neman ƙari.

Idan hukuncin bai yi miki daɗi ba, daga ƙaramar kotun Musulunci ana ɗaukaka ƙara zuwa babbarta, daga nan zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci ta jiha, wadda sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumi a kan aure da rabuwa da riƙon yara, sannan kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya har zuwa Kotun Ƙoli. Wa'adin ɗaukaka ƙara daga ƙananan kotuna galibi kwana 30 ne daga ranar hukunci, wanda ya wuce shi kuwa sai ya roƙi ƙarin lokaci ya kawo dalili. Don haka ranar da aka yanke hukuncin za ki biya kuɗin kwafin shari'a, ki kai wa lauyanki cikin makon.